Kasuwa, Adashi da Gidan Kallo: Hanyoyin da Zamani Ke Bi Ya Shiga Karkarar Arewacin Kano

Ƙasar noma da ta kewaye birnin Kano, musamman ɓangarenta na arewa wanda ya haɗa da Ungogo da Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa, ya miƙa har Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Kunci, tana cikin yankunan karkara mafiya cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, kuma wannan cunkoso ya girmi zuwan Turawa da nisa. Masana labarin ƙasa, waɗanda fitaccensu shi ne Michael Mortimore da ya wallafa nazari kan yankin tare da J. Wilson a 1965, sun ba shi suna na musamman da ke nufin ƙasar da mutane suka zauna kusa da kusa, inda gona ke bin gona ba daji a tsakani, kuma ba a barin fili ya zama saura don ya huta, sai dai a noma shi kowace damina a riƙa ciyar da shi da taki. Ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, ana barin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsaye saboda amfaninsu, ana ɗaure awaki da tumaki a turke duk tsawon damina, sannan a kwashe takinsu a kai gona kafin ruwa ya sauka. A da jakuna ne ke fitowa daga birni da mangaloli cike da toka da shara, su koma da itace da hatsi.

Wannan tsari ya ciyar da jama'a masu ɗimbin yawa, amma bai taɓa wadatar da su shi kaɗai ba, domin damina wata huɗu ce ko biyar, rabon gado kuwa yana ƙara tsattsaga gonaki daga uba zuwa 'ya'ya, har ta kai magidanta da yawa ba sa noma abin da zai kai su wata kakar. Saboda haka tun fil azal manomin wannan yanki mai sana'a biyu ne: masaƙi ne kamar yadda aka san mutanen Minjibir, ko marini, ko mahauci, ko ɗan koli, ko ɗan ci-rani, wato mai barin gida bayan girbi ya tafi neman kuɗi ya dawo da faɗuwar ruwa. Rayuwa irin wannan, wadda ƙafarta ɗaya ke gona ɗaya ke kan hanya, ba ta yiwuwa sai da tsare-tsaren da kowa ya san ƙa'idarsu ko da ba a rubuce take ba. Su ne ake nufi a nan da cibiyoyin al'umma, kuma ba lalle ne su kasance da gini ko ofishi ba: gandu cibiya ce, haka kasuwar mako da adashi da masallacin unguwa da makarantar allo da zauren mai unguwa. Akan ɗauka cewa zamani abokin gabar waɗannan abubuwa ne, yana shigowa suna ja da baya. Abin da ake gani a karkarar Kano ya fi kama da akasin haka, domin wayar salula da allurar rigakafi da tura kuɗi ta banki duk sun samu gindin zama ne a inda suka hau bayan wani tsohon tsari da jama'a suka riga suka yarda da shi.

Gandu shi ne misali mafi kusa. A ma'anarsa ta asali, gandu yarjejeniya ce tsakanin uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, cewa za su noma babbar gona tare a ci daga rumbu ɗaya, shi kuma uban ya ɗauki nauyin haraji da kayan aiki da auren fari, kowane ɗa kuma a yanka masa gayauna, ƙaramar gonar da yake nomawa da yamma ko ranar hutu don biyan ƙananan buƙatunsa. Masaniyar tattalin arziki Polly Hill, wadda ta yi nazarin Dorayi a gefen birni ta wallafa littafinta a 1977, ta nuna yadda ƙarancin ƙasa ke matse wannan tsari. Yau gandun da ake taruwa da fartanya kafaɗa da kafaɗa ya yi ƙaranci, gayya ma, wato aikin taimakon juna da ake biyan sa da fura da tuwo da kiɗa, ta ba ƙwadago wuri a yawancin garuruwa. Amma hakkin da ke cikin gandu bai mutu ba, siffa ya sauya. Ɗan da ke tuƙa babur a Legas ko sayar da kayan miya a Fatakwal ko gadi a Abuja yana turo kuɗin takin zamani da na 'yan ƙwadago a farkon damina, idan kaka ta yi kuma a ware masa buhunsa, matarsa da 'ya'yansa na ci daga tukunyar gidan. Bankin da kuɗin ya ratsa bai san da wannan alkawari ba, alhali ba don shi ba da ba a turo kuɗin ba.

Inda wannan haɗuwa ta tsoho da sabo ta fi fitowa fili ita ce kasuwa. Kasuwannin karkarar Kano ba kullum suke ci ba. Kowace da ranarta, ta yadda ɗan kasuwa zai iya zagaya su cikin mako: Ɗambatta ranar Lahadi, Bichi ranar Juma'a, Larabar Abasawa kuwa sunanta ma ya faɗi ranarta. Wannan rabon kwanaki dabara ce ta tattalin arziki, domin ƙauye guda ba shi da masu saye da za su riƙe kasuwa kwana bakwai, amma idan aka tara buƙatun mako a yini ɗaya, sai tafiyar mai tireda da maƙeri da mai magani ta biya. Kowace kasuwa tana da shugabanninta, daga sarkin kasuwa zuwa sarkin pawa da shugabannin dillalai da ma'auna da 'yan dako, kuma su ne ke raba rigima tun kafin ta kai ga 'yan sanda.

A kara, wato sashen da ake cinikin dabbobi, mai rago ba ya fuskantar mai saye kai tsaye. Yakan miƙa igiyar ga dillalin da ya sani, ya koma gefe. Mai saye ya shafa bayan ragon, ya matsa ƙugunsa don jin nama, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, sannan ya taya. Idan tayin bai kai ba dillali ya ce albarka, kalmar da ke nufin a'a amma ba ta ɓata wa kowa rai. A yi ta ƙari kaɗan-kaɗan, dillali na zuwa yana raɗa wa mai dabba, har a kai inda za a ce an sallama. Daga nan ciniki ya faɗa, kuma komawa baya abin kunya ne ga kowane ɓangare. La'adar da dillali ke karɓa ba ladan surutu kawai ba ce, ladan lamuni ce, domin shi ne shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce, kuma idan gobe wani ya zo cigiya, wuyansa za a fara kamawa. Ba za a ce duk dillalai tsarkaka ne ba; akwai mai cin bayan ciniki, ya faɗa wa mai kaya wani farashi ya karɓi wani a hannun mai saye, kuma manoma sun daɗe suna kuka da haka. Sai dai dillalin da aka kama sau biyu a kasuwar da kowa ya san gidan ubansa ya gama sana'a, wannan kuwa horo ne da ya fi tarar kotu saurin aiki.

Wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya gadan-gadan a 2001, ba ta kawar da dillali ba kamar yadda wasu suka zata, sai ma ta tsawaita hannunsa. Manomi a Kunci yana iya bugawa ya ji yadda aka sayar da tiyar wake jiya a Dawanau kafin ya ɗora buhu a mota, kuma wannan ya rage yadda ake yi masa sakiyar da ba ruwa. Amma wanda yake bugawa ɗin dai dillali ne ko fatoma, wato maigidan da ke saukar da baƙin 'yan kasuwa, ya adana musu kaya, ya tsaya musu a ciniki. Kasuwar Dawanau da ke ƙasar Dawakin Tofa, a kan hanyar Katsina, tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, ana zuwa cinta daga Nijar da Chadi da Kamaru, kuma daga rumfunanta riɗi ke tafiya ƙasashen Asiya, zoɓo ya tafi har Meziko. Cinikin miliyoyin naira yana ƙulluwa a can da kiran waya guda, ba don fasahar ta isa ba, sai don muryar da ke ɗaya gefen sananniya ce.

An ga iyakar fasaha ita kaɗai a farkon 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Masu POS, waɗanda ke zaune ƙarƙashin laima a bakin kowace kasuwa sun zame wa ƙauyukan da ba su da reshen banki tamkar banki, suka rasa abin bayarwa ko suka tsauwala caji, tura kuɗi ta waya kuma ta riƙa maƙalewa a hanya. Wanda ya sha wuya fiye da kowa shi ne baƙon da ba a sani ba da tsohuwar da ta kawo kaza ɗaya. Wanda ke da dillali ko mai awon da suka saba kuwa ya karɓi kaya bashi zuwa kasuwa mai zuwa, kamar yadda kakanninsa suka yi tun ana ciniki da wuri.

Abin da kasuwa take ga maza, adashi da biki su ne ga mata. Yawancin matan aure a wannan yanki ba sa zaman kasuwa, amma cikin gidajensu masana'antu ne: ana soya ƙuli-ƙuli a tatsi man gyaɗa, ana dafa daddawa daga kalwar ɗorawa, ana kirɓa fura, ana yin awara, yara su fita da su talla. Ribar ba ta da yawa, kuma kuɗin da ke ɗaure a bakin zane ba ya jimawa, domin yau an yi baƙo, gobe yaro ba lafiya. Adashi shi ne maganin wannan yoyo. Mata goma ko ashirin sukan amince su riƙa zuba adadi ɗaya kowace rana ko kowane mako a hannun uwar adashi, duk zagaye ɗaya daga cikinsu ta kwashe gaba ɗaya. Wadda ta yi ɗaukar fari ta samu rance ne ba ruwa, wadda ta yi ta ƙarshe ta yi ajiya ce da ba ta iya taɓawa, kuma ana iya sauya layi idan wata ta haihu ko za ta aurar da 'ya. Da kwasar adashi ake sayen tunkiyar kiwo da keken ɗinki da kayan ɗakin amarya, da ita kuma ake biyan kuɗin jarrabawa. Bankunan ba da ƙananan rance da ƙungiyoyin raya karkara da suka zo daga baya sun gano cewa rancen da aka ba rukunin matan da suka san juna ya fi dawowa, wanda hakan tamkar dabarar uwar adashi ce aka sa mata tambari. Adashi ma yana fashewa, uwar adashi takan ci amana ko wata ta ɗauka ta daina zubi, kuma idan hakan ta faru babu takardar da za a kai ƙara da ita, sai dai zauren mai unguwa.

Biki, a ma'anarsa ta gudummawa, wani bashi ne mai tafiya da dawowa: abin da mace ta kai wa ƙawarta ranar suna ko aure, ana sa ran za a mayar mata da shi da ƙari ranar nata sha'anin. Inshora ce ta talaka, sai dai tana da haƙora, domin gasar lefe da kayan ɗaki da anko ta sa iyaye da yawa sayar da gona ko dabba, abin da malamai ke wa'azi a kansa shekara da shekaru ba tare da ya ragu sosai ba.

Sarautar gargajiya ta fi duk sauran cibiyoyin shan sauyi. Tsaninta sananne ne: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki, kuma a arewacin Kano akwai manyan kujeru, domin Madakin Kano da aka san shi da hakimcin Dawakin Tofa da Sarkin Bai na Ɗambatta suna cikin masu zaɓen sarki. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, wato hukumar mulki ta sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke mata mulkin yau da kullum, sannan gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979. Masarautar Bichi da aka ƙirƙira a 2019 aka kuma rushe a 2024 ta nuna yadda saman tsanin ya koma abin jan igiya tsakanin 'yan siyasa. Ƙasan tsanin kuwa labarinsa daban ne. Soke haraji ya raba mai unguwa da aikin da ya fi jawo masa baƙin jini, ya bar shi da wanda ba mai iya yi sai shi: sanin iyakar kowace gona, da wanda ya ba da jingina da wanda ya karɓi aro, da baƙon da ya sauka jiya, da sasanta manomi da makiyayi kafin a zare sanda.

Tarihin rigakafin shan-inna ya isa hujja. Sunan cutar kansa yana ɗauke da tsohuwar fahimta, cewa wata iska ce mai suna Inna ke shanye ƙafar yaro. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Jihar Kano saboda zargin cewa an gurɓata maganin, zargin da ya samu kunnuwan saurare domin mutane ba su manta da gwajin maganin da wani kamfanin ƙasar waje ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. An dawo da aikin a watan Yuli na 2004, amma dawowar umarnin gwamnati ba ta buɗe ƙofofin gidaje ba. Abin da ya buɗe su a hankali shi ne shigar sarakuna, musamman bayan kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a 2009, da limamai da suka yi bayani bayan salla, da masu unguwanni da suka riƙa rako ma'aikata gida-gida suna fara ɗiga wa 'ya'yansu a gaban jama'a, da matan unguwa da aka ɗauka aikin domin su ne ke iya wuce zaure. A watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Maganin daga waje ya zo, amma sallamar da aka yi a ƙofar gida ta ɗan gari ce.

Masallaci da makarantar allo ba sa buƙatar dogon bayani ga mai karatu. Ya isa a tuna cewa masallacin unguwa shi ne wurin sanarwa da cigiya da ɗaurin aure da tara taimakon mara lafiya, kuma makarantar allo, inda yaro ke farawa da babbaƙu ya wuce farfaru, ta ba karkarar Kano iya karatu da rubutun ajami ƙarnoni kafin shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976. Har yau da ajami aka rubuta darajar manyan takardun naira. Makarantun Islamiyya, musamman na matan aure da ake yi da dare ko da hantsi, sun zama wurin da mata ke haɗuwa da izinin kowa. Almajiranci kuwa, wanda asalinsa ya dace da kalandar noma, malam ya fita da yara da rani su dawo da damina, ya rikiɗe a wurare da yawa ya zama hanyar sauke nauyin ciyarwa a kan titunan birni, kuma wannan gurɓacewa ce da ƙaunar tsohon tsari ba za ta rufe ta ba.

Ɗaya ɓangaren maganar shi ne nishaɗin gama-gari, wato waƙa da wasa da labari da kallo waɗanda talaka ke nema da kuɗinsa don jin daɗinsa, ba wanda hukuma ko makaranta ta ɗora masa ba. A da cibiyarsa dandali ce, filin da 'yan mata ke gaɗa da farin wata, samari su kewaye, mai kalangu na kiɗa, a ƙarƙashin idon sarkin samari. Wa'azi da makaranta da sauyin ɗabi'a sun rage dandali ƙwarai, amma buƙatar da yake biya tana nan, sai ta nemi wasu mafaka. Ta farko ita ce rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna ya shiga kowane lungu da shirye-shirye irin su zaɓi-sonka, inda mutumin ƙauye ke jin an ambaci sunansa da na garinsa a iska, kuma ta nan muryoyin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge suka zama na kowa. Buɗe Freedom Radio a Kano a 2003 ya kawo wani sabon salo, inda shirye-shirye irin su Inda Ranka da Kowane Gauta suka mayar da ƙorafin rijiyar burtsatse da ta lalace ko asibitin da ba magani abin da duk jiha ke ji. Manomin da ya rataya rediyo a reshen gawo yana noma yakan san abin da ake ciki a Gabas ta Tsakiya fiye da ɗan bokon wata ƙasar. Gefe guda kuma rediyon ce ta haifi sojojin baka, masu sayen fili su yabi ɗan siyasa ko su zage shi gwargwadon abin da aka ba su.

Littattafan soyayya da suka ɓarke a Kano a shekarun 1980, waɗanda wasu ke kira adabin kasuwar Kano ko da yake marubutansu da yawa ba sa son sunan, sun yi wani aiki da ba a cika yaba musu ba. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino sun rubuta kan auren dole da kishi da saki da wulaƙancin miji, littafi guda kuma yakan zagaya gidaje goma ta hanyar aro da haya, wadda ba ta iya karatu a karanta mata, daga baya gidajen rediyo suka riƙa karanta su. Mata da dama sun dage da koyon karatun boko ne don su karanta da kansu. Fim ya biyo sawu: Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 shi ake ɗauka mafarin finafinan bidiyo na Hausa, masana'antar da ta samu laƙabin Kannywood, ta ɗauki rawa da waƙa daga finafinan Indiya da Kanawa suka daɗe suna ƙauna, ta kuma shiga takun-saƙa da malamai da Hukumar Tace Finafinai ta Kano da aka kafa a 2001.

Muhimmancin waɗannan labarai yana da alaƙa da kunya. A gidan Bahaushe akwai maganganun da 'ya ba ta iya yi da ubanta, mata ba ta iya buɗa baki ta yi da mijinta, suruka ba ta iya yi da uwar miji. Amma kowa na iya yin sharhi a kan mutanen cikin fim. Idan matan gida suka taru a kan waya ɗaya suna kallon Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ko Labarina, suka shiga gardamar ko wance ta kyauta da ta bar gidan mijinta, sau da yawa ba ita suke nufi ba, kuma duk wanda ke wurin ya san da haka. Labarin ya zama zani da aka rufa wa magana don ta iya fita tsakar gida. Ta wannan hanya batun shaye-shaye da awon ciki da karatun 'ya mace da gwajin jini kafin aure suka shiga hirar gidajen da jami'in gwamnati ba zai taɓa tayar da su ba.

Yadda fim ke isa ƙauye ma abin lura ne. Kaset ya wuce, faifai ya bi shi. Yanzu a kowace kasuwa akwai rumfar mai cajin waya, da janareto ko farantin sola, da allon katako mai ramukan soket jere, a gefe kuma saurayi da kwamfuta yana tura finafinai da waƙoƙi da wa'azi da fassarar Indiya-Hausa cikin memori a kan 'yan kuɗi kaɗan. Memori ɗaya yakan ɗauki tafsiri da waƙar siyasa da wasan barkwanci ba tare da mai shi ya ga wani saɓani ba. Wannan sana'a ta samar wa matasa abin yi, ta kuma karya kasuwar masu shirya fim, waɗanda da yawansu suka koma YouTube. Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa wa masana'antar: mutumin karkara shi ne babban mai kallonta, amma ba kasafai yake ganin kansa a cikinta da mutunci ba. Finafinan soyayya gidajen bene da motoci suke nunawa, na camama kuwa, wato na barkwanci masu arha irin waɗanda marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi fice a kansu, sukan nuna baƙauye a matsayin abin dariya. Yarinyar da ta tashi tana ganin falo mai kujerun alfarma a matsayin ma'aunin aure, da wuya saurayi mai gayauna ya burge ta.

Samari nasu dandalin shi ne gidan kallon ƙwallo, rumfar kwano mai bencina da allon da ake rubuta wasannin ranar da alli, inda magoya bayan ƙungiyoyin Ingila da Sifen ke musu kamar gadon ubansu ake rabawa, Kano Pillars kuma, wadda ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta haɗa su a baki ɗaya. A nan da teburin mai shayi ake jin inda ake neman leburori da motar da za ta tafi kudu. Dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne na bayan girbi, ya samu sabuwar kasuwa a bidiyon waya, tashe kuma, wasan da yara ke fara yi daga goma ga azumi suna kwaikwayon malami da mai rowa da gwauro, yana nan yana raguwa a wasu garuruwa, yana farfaɗowa a wasu.

Wurin da ake gwada ƙarfin duk waɗannan cibiyoyi a yau shi ne bakin birni. A Ungogo da gefen Dawakin Tofa da hanyar Gezawa, Kano na cin gonaki shekara bayan shekara, ana yanka su fuloti-fuloti ta hanyar da ake kira awon igiya, wato rabon fili ba tare da taswirar hukuma ba, sau da yawa ba a bar wa titi ko magudanar ruwa ko makaranta wuri ba. Shaidar mai unguwa, wadda ta wadatar lokacin da mai saye da mai sayarwa duk 'yan gari ne, yanzu ana neman ta a kan cinikin miliyoyi tsakanin mutanen da bai taɓa gani ba, kuma rigingimun fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu sun cika kotuna. Magada da suka raba kuɗin gona sukan sayi babur mai ƙafa uku ko su buɗe shagon caji, wasu su sayi wata gonar can gaba wajen Kunci ko Tsanyawa inda ƙasa ba ta yi tsada ba tukuna. Sababbin unguwannin da ke tasowa a kan tsofaffin kunyoyin gero kuwa, tun kafin a kawo musu wuta ko famfo, akan tarar an kafa masallacin jinka, wata mata ta fara karɓar zubin adashi, wani kuma ya ja wayar janareto zuwa rumfar kallo.